Yadda za ka nuna wa ɗalibai da hannu cewa nahiyoyi na tafiya

Ɗalibin da aka gaya wa cewa Afirka da Kudancin Amurka a da ƙasa guda ce zai rubuta a littafinsa, ya haddace, ya ci jarrabawa, amma a zuciyarsa bai yarda ba. Kada ka ga laifinsa. Lokacin da Alfred Wegener, Bajamushe masanin yanayi, ya kawo wannan magana a wata lacca a birnin Frankfurt a watan Janairun 1912, ya kuma fitar da littafinsa a 1915, manyan masana duwatsu sun yi watsi da shi. Ya rasu a kan ƙanƙarar Greenland a 1930 ba a karɓi maganarsa ba. Sai bayan 1960, da aka auna ƙasan teku, aka dawo gare ta. Abin da ya ɗauki masana shekara hamsin, ba daidai ba ne a ce yaro ya haɗiye shi a minti arba'in don kawai malam ya faɗa. A bar shi ya auna, ya yanka, ya ja, ya lissafa. Kayan aikin ba su da tsada: ƙwallon taswirar duniya, farar leda mai garai-garai, maka (alƙalamin zane mai kauri) kala huɗu, almakashi, zare, takarda, bulo, tsohon tiyub na keke, sarƙa da sitaci. Darasi uku ko huɗu sun isa.

Fara da ƙwallo, ka ajiye taswirar bango

Kuskuren da ya fi ɓata wannan aiki shi ne a yanko nahiyoyi daga taswirar da aka shimfiɗa a takarda. Duniya dunƙulalliya ce, duk taswirar da aka baje sai ta ja wani wuri. Irin wadda aka fi liƙawa a aji tana kumbura duk ƙasar da ta yi nisa da tsakiyar duniya, har Greenland ta yi kamar ta kai Afirka, alhali Afirka ta ninka ta kusan sau 14. In ka yanka daga nan, ƙasan Kudancin Amurka zai fito da faɗin da ba nasa ba, ya ƙi shiga, ɗalibai su ce ai ga shi bai dace ba.

Ka sami ƙwallon taswira mai faɗin santimita 30. A kansa kowane santimita ɗaya kusan kilomita 425 ne. Yanki leda siririya, faɗinta kada ya wuce santimita 6, ka kwantar da ita a kan gaɓar gabashin Kudancin Amurka tun daga bakin kogin Amazon har ƙasan Ajantina, ka kama ta da salatif. Leda mai faɗi tana tattarewa a kan ƙwallo, tattarewar kuwa tana cinye tsawo.

Yanzu wurin da za a zana layi. Bakin ruwan da ake gani yau ba shi ne ƙarshen nahiya ba. Teku na hawa yana sauka. Shekara kusan 20,000 da suka wuce ruwan ya yi ƙasa da na yanzu da mita 120 ko fiye. Nahiya tana ci gaba a ƙarƙashin ruwa kamar dandamali, sannan ta gangara zuwa zurfi. A yawancin ƙwallaye dandamalin nan shi ne shuɗi mai haske da ke bin gaɓa. Bi gefensa na waje da maka, inda shuɗin ya fara duhu. A gaban Ajantina dandamalin ya kai ɗaruruwan kilomita, don haka wanda ya bi bakin ruwa zai tarar da wawakeken giɓi a kudu. Edward Bullard da abokan aikinsa biyu a Kambrij, da suka yi wannan haɗi da kwamfuta a 1965, layin zurfin mita kusan 900 suka bi.

Ɗaga ledar ka kai ta gabas. Turawa kai tsaye ba za ta yi ba, sai ka haɗa da juyawa, domin duk abin da ke tafiya a kan ƙwallo kewaya wani wuri yake yi. Sa yatsa a tekun Atlantika arewa da tsibiran Azores, wajen digiri 44 arewa da 31 yamma, ka ɗauka nan ne turken, ka juyo ledar gabas kamar digiri 57. Kusurwar Brazil, inda biranen Natal da Recife suke, za ta shige lungun Tekun Gini, ta fuskanci Najeriya da Kamaru.

Za ka ga wuri guda da ledar ta hau kan Afirka: yankin Neja Delta. Kada ka yi saurin gyarawa, tambayi ɗalibai dalili. Yashi da lakar da Kwara da Binuwai suka kwaso ne suka taru a can bayan an rabu, suka tura gaɓar cikin teku. Wato ƙasar Delta ba ta nan lokacin da nahiyoyin suke haɗe. Wannan hawan da aka gani shi kansa hujja ne.

Rubutun da ke kan yagaggiyar takarda

Ɗalibi mai kaifi zai ce dacewar baki da baki tana iya zama katari. Gaskiyarsa. Wegener da kansa ya ba da amsa da misalin yagaggiyar jarida: gefuna su dace, layukan rubutu kuma su ci gaba daga wannan ɓari zuwa wancan. Ka yaga jarida biyu a gaban aji, ka cakuɗa gutsattsarin, ka ga da me yara za su gane na haɗawa. Da rubutun za su gane. To, a bar ledar a manne a gefen Afirka, a shiga zana rubutun da ke jikin duwatsu.

Da ja, ja layi daga kusa da Accra ya nufi kudu maso yamma ya faɗa teku. Yamma da layin nan duwatsun Ghana da Kwaddibuwa sun kai shekara miliyan 2,000. Gabas da shi, ta Togo da Benin da Najeriya, na shekara miliyan 600 ne suka fi yawa, irin manyan duwatsun da ke tsaye kamar Kufena a Zariya. A 1967 Patrick Hurley da abokan aikinsa suka ce in haɗin gaskiya ne, layin nan zai ɓullo a Brazil kusa da birnin São Luís. Aka ɗebo duwatsun can aka auna shekarunsu, aka same shi a nan ɗin. Wannan ita ce hujjar da ta fi dacewa a daɗe a kanta, domin an faɗi abin da za a gani tun kafin a je a duba.

Da kore, sa alamar kasusuwan da suka zama dutse. Mesosaurus, wata dabba mai kama da ƙaramin kada, tsawonta kamar mita ɗaya, ta rayu shekara kusan miliyan 280 da suka wuce. A kudancin Afirka da gabashin Kudancin Amurka kaɗai ake samunta, kuma ba ta da jikin da zai ƙetare teku. Ganyen bishiyar Glossopteris yana cikin duwatsun Afirka, Kudancin Amurka, Indiya, Ostareliya da Antatika. Akwai kuma namu na gida: a Gadoufaoua, cikin Tenere kudu maso gabas da Agadez, an tono wani ƙaramin kada ɗan uwan wanda aka fara samu a yankin Araripe na arewa maso gabashin Brazil. A 1981 aka raɗa masa suna Araripesuchus wegeneri, don girmama Wegener. Ƙaton kadan nan Sarcosuchus ma an same shi a Nijar, an sami ɗan uwansa a jihar Bahia ta Brazil. Sa ɗigo a Agadez, sa ɗigo a kan ledar, ɗalibai su ga yadda suka zama maƙwabta.

Da shuɗi kuma, yi alamar kartar da ƙanƙara ta bari a kan duwatsun Afirka ta Kudu, Brazil, Indiya da Ostareliya shekara kusan miliyan 300 da suka wuce, lokacin da duk suke dunƙule kusa da ƙarshen kudancin duniya, cikin babbar nahiyar da ake kira Pangaea.

Lissafin gudu

Miƙa zare a kan ƙwallon daga Recife zuwa Douala. Zai ba ka kusan santimita 12, wato kilomita 5,100. Wannan ɓangare ya gama rabuwa shekara kusan miliyan 100 da suka wuce. Can kudu tsagewar ta riga farawa, wajen miliyan 130. Mai da kilomita zuwa santimita: 5,100 sau 100,000 ya ba da miliyan 510. Raba da shekara miliyan 100, ka sami santimita 5 a shekara. Inda yara ke tuntuɓe shi ne sifili, su manta cewa kilomita ɗaya santimita 100,000 ne, amsa ta fito mita 5 ko milimita 5. Sa su rubuta sifilan a fili kafin su soke.

Na'urorin GPS a yau suna nuna kudancin Atlantika na buɗewa da santimita 3 da ɗoriya a shekara. Bambancin ba kuskuren ɗalibi ba ne: santimita 5 matsakaicin dukkan zamanin ne, a da gudun ya fi na yanzu. Don adadin ya zauna a kai, kwatanta shi da tsirowar farce, kusan gudu ɗaya suke. Daga 1804 zuwa yau tazarar da ta ƙaru tsakaninmu da Brazil kusan mita 7 ce kawai. Auna mita 7 a ƙasan aji da alli, su tsaya a kai. A nan Wegener ya yi kuskure babba, ya ɗauka Greenland na gudun mitoci da dama a shekara, saboda awon zamaninsa bai da inganci.

Ƙasan teku da tebur biyu

Tambayar da ke biyowa ita ce: da nahiyoyin suka rabu, me ya cike tsakani? A tsakiyar Atlantika akwai jerin duwatsu a ƙarƙashin ruwa, kuma a farkon shekarun 1950 Marie Tharp, tana zana taswira daga awon zurfi, ta gano tsaga tana bin ƙololuwarsu. Harry Hess ya ce a 1962 ta wannan tsaga narkakken dutse ke fitowa, ya daskare ya zama sabon ƙasan teku. Fred Vine da Drummond Matthews suka kawo hanyar gwadawa a 1963. Baƙin dutsen da ke daskarewa yana ɗauke da ƙwayoyin ƙarfe da ke fuskantar inda allurar kamfas take nunawa a lokacin, su kafe a haka. Maganaɗisun duniya kuwa yakan juya, arewa ta koma kudu. Juyi na ƙarshe ya faru shekara kusan 780,000 da suka wuce.

Haɗa tebur biyu, ka bar 'yar tsaga tsakaninsu. Yanki takarda mai tsawon santimita 90 da faɗin 15, ka ninke ta biyu, ka zura ninkin ƙasa ta tsagar, bakunan biyu su leƙo sama. Ɗalibi ɗaya ya kama na dama, ɗaya na hagu, na uku ya riƙe makar a kan tsagar yana shafa ɓangarorin biyu tare yayin da ake ja. Ɗauki santimita ɗaya a matsayin shekara 100,000. Da yake tsohon dutse ne ke fara fita, fara da baƙi a ja santimita 10 kowane gefe, wato zamanin da ya kama daga shekara miliyan 3.6 zuwa 2.6. Sauya ja, a ja santimita 18, zamanin da maganaɗisu yake a juye. Koma baƙi, a ja santimita 8, zamaninmu ke nan. Ka gaya musu an taƙaita ne, cikin waɗannan manyan zamunna akwai gajerun juyi da aka tsallake.

Abu biyu ke lalata aikin. In ɗaya ya fi ɗaya saurin ja, zanen dama ba zai yi daidai da na hagu ba, alhali daidaituwar nan ita ce dukkan hujjar. Sa mai ƙirga murya, kowane ƙirge santimita ɗaya. In kuma aka riƙa sauya kala a tazara ɗaya, yara za su zaci juyin yana da lokaci tsayayye kamar damina, wanda ba haka ba ne. Bambancin faɗin ratsin shi ya sa ake gane su ɗaya bayan ɗaya a kowane teku.

Ba su wannan lissafi: a ce gefen ratsin tsakiya yana kilomita 15.6 daga tsagar. Santimita 1,560,000 a raba da shekara 780,000, an sami santimita 2 a shekara. Wannan gudun gefe ɗaya ne. Buɗewar tekun ninki biyu ce, santimita 4, kuma nan ne ake yawan zubar da maki. A 1968 jirgin haƙa mai suna Glomar Challenger ya huda ƙasan kudancin Atlantika a wurare da dama, aka ga shekarun dutse na ƙaruwa daidai da nisansa daga tsagar. Ƙasan manyan tekuna mafi tsufa bai wuce shekara miliyan 180 zuwa 200 ba, yayin da a Kanada akwai dutsen nahiya mai shekara biliyan 4. Tambaye su ina tsohon ƙasan tekun ya tafi.

Me ke jan farantin

Da farko a gyara kalma. Abin da ke tafiya ba nahiya ce ita kaɗai ba. Wegener ya zaci nahiyoyi na keta ƙasan teku kamar garma, masana suka ce dutse ba zai jure haka ba, kuma sun yi daidai. Abin da ke tafiya faranti ne mai kaurin kusan kilomita 100, wanda ya haɗa ɓawon ƙasa da saman abin da ke ƙarƙashinsa, wato mantil. Farantin Afirka ya ɗauko nahiyar da rabin kudancin Atlantika tare, iyakarsa ta yamma tana can tsakiyar teku.

Malamai da yawa sukan ɗora tukunyar ruwa a wuta, su watsa garin katako, su ce haka cikin ƙasa yake. Misalin yana nuna zafi na hawa sanyi na sauka, tunanin da Arthur Holmes ya kawo wajen 1930, amma yana barin yara da zaton cewa muna yawo a kan tekun narkakken dutse. Mantil, wanda ya kai zurfin kilomita 2,900, daskararren dutse ne da ke malala a hankali saboda zafi da nauyi. Sitaci ya fi tukunya nuna wannan. Dama kofi biyu na sitacin rogo ko na masara da kofi ɗaya na ruwa a faranti. Naushe shi, zai tsaya kamar daɓe. Kwantar da yatsa a hankali, zai nutse. In ya fantsama ruwa ya yi yawa, ƙara sitaci cokali-cokali. In ya farfashe ya ƙi malala, yayyafa ruwa. Garin alkama ba ya yi, kada a ɓata shi.

Sai sarƙa. Shimfiɗa sarƙa mai tsawon mita ɗaya a kan tebur mai santsi, ka riƙa zuro bakinta ta gefe kaɗan-kaɗan. Za a kai inda abin da ke reto zai ja sauran da kansa. Haka ƙasan teku yake: in ya tsufa ya yi sanyi ya yi nauyi, sai ya nutse cikin mantil a manyan kwazazzabai irin na Mariana mai zurfin kusan mita 11,000, ya ja sauran farantin a baya. Nan tsohon ƙasan tekun ya tafi. Shi ya sa farantin Pasifik, da ke da baki mai nutsewa, yake yin santimita 7 zuwa 10 a shekara, na Afirka kuwa, da tsagogi suka kewaye yawancinsa, yake jan jiki da kusan 2. Nahiya ba ta nutsewa saboda dutsenta ya fi sauƙi, nauyinsa ya ninka na ruwa sau 2.7, na ƙasan teku sau 3. In biyu suka yi karo sai su tattare. Tura tawul biyu a ninke su haɗu, ka ga Himalaya, inda Indiya ta daki Asiya shekara kusan miliyan 50 da suka wuce.

Bulo da roba

In faranti na tafiya a hankali haka, me ya sa girgizar ƙasa ke zuwa farat ɗaya? Ɗaura zare a jikin jan bulo mai nauyin kilo 2 zuwa 3, ka haɗa zaren da robar tiyub mai tsawon santimita 30 da faɗin santimita ɗaya, ka ƙara wani zaren a ɗaya bakin. Ajiye bulon a kan siminti mai kaushi. A riƙa naɗe zaren a jikin sanda a hankali, ba tsayawa ba fizga. Robar za ta miƙe, bulon yana nan, sai kwatsam ya yi tsalle. Sa alama da alli a duk inda ya tsaya, har sau ashirin, a auna. Tsallen ba za su zo daidai ba, kuma ba wanda zai iya faɗin lokacin na gaba, ko da yake ja ɗaya ake yi. Dalilin ke nan da masana suka san wuraren haɗari amma ba sa iya sa rana. In bulon ya riƙa sulɓewa ba tsalle, ko dai wurin ya yi santsi ko robar ta yi tauri. Rage faɗinta ko ka ɗora bulo na biyu. Kowa ya kau da fuskarsa daga saitin robar, tana iya tsinkewa.

Girgizar Turkiyya da Siriya ta 6 ga Fabrairun 2023, mai ƙarfin 7.8, wadda ta kashe mutum fiye da 50,000, irin wannan tsallen ce a iyakar farantin Larabawa da na Anatoliya. Mu muna tsakiyar faranti, shi ya sa manyan girgiza ba su saba mana ba. Amma tsofaffin tsagogi na motsawa jefi-jefi, kamar yadda aka gani a Accra a 1939 da Mpape ta Abuja a 2018.

Tsagar da ta tsaya a Najeriya

Darasin ƙarshe a fita waje. Nemi inda laka ta bushe ta tsattsage a bakin kududdufi, a ƙirga tsagogi nawa ke haɗuwa a wuri guda. Sau da yawa uku ne. Nahiya ma haka takan fashe. A Afar ta Habasha ana ganin abin yana faruwa yanzu: Bahar Maliya, wadda alhazai ke ƙetarewa, tana buɗewa da kamar santimita ɗaya a shekara, Tekun Aden reshe na biyu, babbar tsagar gabashin Afirka na uku. A 2005 ƙasa ta dare a Dabbahu tsawon kusan kilomita 60, wani wurin faɗin ya kai mita 8 cikin 'yan makonni.

Dawo da ledar gefen Afirka, ka sa yatsa a lungun Tekun Gini. Reshe ɗaya ya bi kudu, ɗaya ya bi yamma, su biyun suka zama Atlantika. Na uku ya shigo arewa maso gabas cikin Najeriya, ya buɗe kaɗan ya tsaya. Shi ne kwarin Binuwai, mai tsawon kusan kilomita 1,000 daga Delta zuwa wajen Gombe da Yola. Teku ya shiga cikinsa a zamanin, ya bar dubban mitoci na laka, yashi da dutsen farar ƙasa. Daga wannan dutse ake yin siminti a Ashaka da Gboko, kuma ruwan gishirin Awe da Keana a jihar Nasarawa daga cikin shimfiɗun kwarin yake ɓuɓɓugowa.

In makarantar tana kusa da inda ake fasa irin wannan dutse, nemi izini a ɗebo 'yan gutsattsari. A cikin na Ashaka ana samun kwanson wata dabbar teku mai naɗi kamar ƙahon rago, wadda ta ƙare tare da dainoso, manyan dabbobin zamanin da. Don tabbatar dutsen farar ƙasa ne, kankare shi da ƙusa ya yi gari, ka ɗiga ruwan lemun tsami a kan garin, ka kai kunne kusa. Zai yi kumfa yana 'yar ƙara. In aka ɗiga a kan dunƙulen dutsen ba a kankare ba, kumfar takan yi ƙanƙanta har a zaci babu. Kowane gutsure a rubuta masa wurin da aka ɗauko shi da kwanan wata a takarda, a sa su leda ɗaya, sannan a koma kan ƙwallon a auna da zare nisan wurin daga teku mafi kusa.